Faci a Kan Faci: Tsohuwar Kwamfutar Kawu

Duk kwamfutar da na ɗora wa hannu a Birnin Ƙonni ina saurayi, wani ya riga ya gaji da ita a wata ƙasa kafin ta iso mana. Ba mu san kwali ba, ba mu san takardar garanti ba. Okaziyo muka sani: akwatin ƙarfe mai fuskar roba da ta soma yin rawaya, a gefensa ragowar tambarin wani banki ko wata makarantar Turai da ba a gama kankarewa ba. Hanya biyu suke biyowa. Wasu su sauka a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, su hau manyan motoci ta Gaya da Doso, su yada zango a Yamai, sannan su biyo babbar hanyar da ta ratsa garinmu zuwa Maraɗi da Damagaram. Waɗannan Faransanci suke ji. Wasu kuma su sauka Legas, a baje su a kasuwar Alaba ko ta kwamfutoci da ke Ikeja, su hauro Kano ko Sakkwato, su tsallako ta Illelar Najeriya, sau da yawa a bayan kabukabu, an naɗe su da bargo. Waɗannan Ingilishi suke ji. A Ƙonni suke gamuwa, kuma ba sa daɗewa a gauraya su: akwati daga nan, ekiran daga can, kilabiye daga wata gawar da ba a san asalinta ba.

Ta Kawu irin wannan ce. Kawu, ƙanen mahaifiyata, yana da shago a gefen babbar hanya, ba nisa da tasha. Da fari wurin buga waya ne, irin da muke kira talisantar: wayar girke guda, ɗan ɗaki na katako, da agogon da ke ƙirga kuɗi yana sa mai magana gumi. Da Celtel ta shigo Nijar a 2001, shekarar da ita ma Najeriya ta fara salular GSM, Kawu ya hango kasuwar wayar girke ta kusa tashi, bai kuwa jira ta tashi da shi ba. Ya sayar da saniya, ya je Sakkwato ya dawo da akwati da kilabiye. Ekiran ya saya a hannun wani ma'aikaci da ya zo da shi daga Yamai. Ya sa aka rubuta a saman ƙofa, da Faransanci, cewa nan sakatariyar jama'a ce. Ina lise a lokacin. In an tashi ko an yi hutu ni ne ɗan aike, daga baya na zama mai bugu.

Pentium III ce, mai gudun megahaz 800, ram mega 128, rumbun ajiya giga 20. Intel ta fitar da wannan zuriya a 1999, kuma kafin tamu ta iso Pentium 4 ta riga ta mamaye kasuwa, don haka a ƙasar da ta fito tsohuwa ce tukuf. A layinmu kuwa mutane kan tsaya bakin ƙofa don kawai su ga rubutu yana fitowa babu tawada.

Darasin farko da Kawu ya koya mini ba na bugu ba ne. Ya juya akwatin, ya nuna mini wani ɗan jan makunni a baya, gefe ɗaya an rubuta 115, ɗayan 230.

"Ka ga wanga? Kwamfuta duk da ta shigo shagon ga, nan za ka hwara dubawa kahin ka taɓa hilogi."

Na'urorin da suka fito daga Amurka, inda wutar gida bolt 120 ce, kan zo da makunnin a kan 115. Kuran ɗinmu 220 ne. Mai gaggawa in ya soka filogi bai duba ba, ƙara ɗaya zai ji, sai hayaƙi da warin ƙonanniyar roba. Ba kaɗan ba ne suka mutu a ranar da suka iso, bayan sun tsallake teku lafiya. Shi kansa filogin wata iyakar ce: na Najeriya ƙafa uku ne masu faɗi irin na Ingila, soket ɗin bangonmu rami biyu ne zagayayyu irin na Faransa. Maganinsa reza da salatef.

Amma babban rikicin iyaka a kan kilabiye yake. Namu layinsa na sama da QWERTY yake farawa. Takardun da ake kawo mana kuwa kusan duk na Faransanci ne, harshen ofis da lakwal, shi kuma ba ya tafiya sai da é da è da ç da à, waɗanda ke zaune a layin lambobi na kilabiyen AZERTY. Sai aka gaya wa Windows cewa kilabiyen na Faransa ne, alhali maɓallan suna nan da rubutunsu na Ingilishi. Ka danna A, Q ta fito. Ka danna W, Z ta fito. M ta ƙaura gefen L, lambobi kuma ba sa fitowa sai ka danne maɓallin manyan baƙaƙe. Baƙon da ya zauna yana bin maɓalli da ido, in ya nufi rubuta Tawa sai ya ga Tqzq, in Malbaza ce ya ga ?qlbqwq. Kawu ya yanka ƴan takardu, ya rubuta haruffan da biro, ya liƙa a kan maɓallan. Zafin Afrilu ya narkar da gam, gumin yatsa ya shafe tawada. Kafin a shekara babu abin da ke karantuwa a kai, mu kuma mun daina dubawa. Da haka na iya bugu ba kallon hannu. Ba makaranta ce ta koya mini ba, rashin abin kallo ne.

Masu zuwa kuwa, duk wanda ke da hulɗa da hukuma. A watan Yulin 2004 aka yi zaɓen ƙananan hukumomi, sabbin magadan gari da konseyoyinsu suka hau, kuma na karkara, inda babu kuran, ba su da inda za su buga rahoton taro sai irin shagonmu. Ƴan kasuwar albasa daga Galmi da Tsarnawa suna zuwa a tsara musu takardar lodi, domin kayansu har Abijan da Akara suke kaiwa, kuma takardar na'ura ta fi ta hannu kwarjini a shingen hanya. Malaman kwantaragi suna kawo takardar neman aiki. Iyayen amare suna kawo katin gayyata, kuma nan gwanintarmu take ƙarewa: rubutu mai lanƙwasa na WordArt, kurciya biyu, fure a kowace kusurwa, har ranar ɗaurin auren ma sai an lalubo ta.

Sai 2005. Ƙarancin ruwa da farin dango sun cinye damunar 2004, yunwa ta sauka, kuma jihar Tawa na cikin inda ta fi tsanani. Ƙungiyoyin agaji suka cika gari da fararen motoci, kowace jerin sunaye take so: gari, mai gida, yawan baki, adadin tiya. A wannan shekarar na san Excel. Ban taɓa jin nauyin harafi ɗaya kamar a lokacin ba, don wanda sunansa ya faɗi daga layi ya faɗi daga rabo. Abin da ya biyo baya ma ya taɓa sana'armu. Da ayyukan agajin suka ƙare, kwamfutocinsu suka yi ta fitowa kasuwa, okaziyo ta yi araha, kowane lungu ya samu sakatariyarsa.

Hausa kuwa, harshen da mai bugu da mai kawo aiki ke ciniki da shi, ita ta fi ba mu wuya. Babu ɓ, babu ɗ, babu ƙ a kowane kilabiye, na Ingila ne ko na Faransa. Ita ma ƴ, wadda tsarin rubutun Nijar na 1999 ya tabbatar a inda ƴan'uwanmu na kudu ke sa 'y, babu ita. Malaman yaƙi da jahilci in sun kawo darasi, da b da d da k muke bugawa, in takarda ta fito a ɗauki biro a yi wa kowane ƙugiyarsa, ɗaya bayan ɗaya. Daga baya wani ɗalibi da ke karatu a Sakkwato ya kawo mana disket ɗauke da haruffan da Farfesa Abdalla Uba Adamu na Jami'ar Bayero ya tsara, Rabiat da Abdalla, kuma sun yi mana rana. Dabarar wancan zamani ita ce a ari gurbin wasu alamomin da ba a cika amfani da su ba, a zuba masu ƙugiya a ciki. A kwamfutarka aiki ya yi kyau. Ka kai fayil wata wadda ba a saka mata haruffan ba, sai ƙasa ta koma }asa, ɗaya ta koma ]aya. Har yau ana cin karo da irin wannan rubutu a intanet, kuma duk inda na gan shi na san tsaran wa ya buga. Unicode, tsarin da ya ba kowane harafi lambarsa ta dindindin, shi ya kashe wannan wahala, amma ya daɗe bai iso shagunanmu ba.

In dare ya yi aka rufe littafin kuɗi, kwamfuta ta zama ta fada. A ɗora shayi a bakin shago, a sa faifan dandalin soyayya da aka sayo a kasuwar Illela ranar Lahadi, ko a kama layin Zuma da karta. Ɗalibai kuma Encarta ke kawo su. Wanda bai yi lise a lokacin ba da wuya ya gane girman wannan kundi na Microsoft: ba intanet, littattafai sai ƴan kaɗan, amma ga taswirar duniya tana juyawa, ga kukan zaki, ga taken ƙasashe. Yawancin ekispozen ajinmu daga nan aka kwafe su. Malamai sun sani, don su ma nan suke zuwa.

Na bar gari neman karatu da aiki, ita ma ta kama hanyarta. Kawu ya sayi wadda ta fi ta, ya sallami yaron shagonsa da tsohuwar, yaron ya buɗe nasa wuri a Malbaza. Garin siminti ne tun shekarun 1960, kullum akwai direbobin da ke jiran lodi, kuma mai jira ba ya rasa takardar da zai buga ko waƙar da za a zuba masa a katin waya. Wannan sana'a ta zuba waƙoƙi da wa'azi da fina-finai ita ta riƙe tsofaffin kwamfutoci bayan bugu ya ja baya. Daga Malbaza ta koma Illela, ba ta Najeriya da ke hancinmu ba, tamu ta Adar, can wajen Badagishiri, inda wani ɗan'uwa ya yi ta buga wa ƴan makaranta jarrabawar gwaji har ranar da ta ƙi tashi. Aka tura ta ɗakin ajiya, aka ɗora buhuna.

A damunar 2023 na je ta'aziyya Illela na gan ta. Lambar wayar girken shagon, da na rubuta a gefen akwatin da hannuna, tana nan ba ta goge ba. Na roƙa, aka ba ni har da dariya. Da Kawu ya gan ta a tsakar gidana sai ya riƙe haɓa.

"Kai ɗana, mi za ka yi da wanga tsohon ƙarhe? Ko ƴan gwangwan ba su ba ka jikka biyu."

"Tada ta zan yi, Kawu."

"To, Allah shi ba da sa'a. Amma ka duba makunnin nan na baya."

Lokacin ya zo da nasa hali. Ranar 26 ga Yuli sojoji suka karɓi mulki a Yamai, ƙungiyar CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, aka rufe iyaka, Najeriya ta yanke wutar da take sayar wa Nijar. Garin da ya saba in ƙusa ta ɓace a tsallaka a sayo, ya wayi gari Sakkwato ta yi masa nisa, kuma ba a buɗe ba sai Maris 2024. Kuran ya yi ƙaranci, duk da tashar hasken rana mai megawat 7 da aka ƙaddamar a Malbaza a 2018. Da farantin sola da batir na yi aikin, kayan gyara kuwa sai abin da ke cikin gari da kewaye.

Na'urar da ta yi shekaru a kwance ba a fara ta da filogi. Turnabis ɗaya ya buɗe ta, sukurori biyu a baya, murfi ya zame, kuma wannan kaɗai ya ishe ni daɗi, ni da na saba da wayoyin da ake liƙewa da gam. A ciki ƙura ta yi hawa-hawa, zanzaro ya gina ɗakinsa a bakin fanka, tsaka ta bar ƙwai a bayan rumbun ajiya. Na bi da burushin fenti da famfon iska na hannu. Ƙura ba ƙazanta kawai ba ce. Tana toshe haƙoran ƙarfen da ke sanyaya furosesa, in damina ta kawo laima kuma ta jiƙa ta soma ɗaukar wuta daga wata ƙafa zuwa wata. Akwatin wuta na fara gwadawa, a ware, don in ya lalace yana iya tafiya da duk abin da ke jone da shi. Ana haɗa koriyar waya da baƙa, fanka ta tashi, sannan a auna: rawaya bolt 12, ja 5, ruwan goro 3.3. Jar wayar ta yi ƙasa sosai, kuma kwamfutocin wancan zamani a kanta suka fi dogara. Na samu madadi a jikin wata gawa a shagon mai gyaran talabijin.

Ainihin ciwon a kan kartamer yake, babban farantin da komai ke dasawa a kai. Kewaye da furosesa akwai kwandansoshi a tsaitsaye, aikinsu su tace wuta ta zo lafiyayya. Da yawansu kai ya kumbura, wasu sun tsage sun fitar da wani abu ruwan ƙasa ya bushe. Cuta ce da ta game duniya: daga 1999 zuwa wajen 2007 an cika kasuwa da kwandansoshi masu gurɓataccen ruwan ciki, wanda ke tara iska har gwangwanin ya fashe, zafi kuma yana gaggauta abin. A ƙasar da bazara ke haura digiri 40 a inuwa, abin mamakin shi ne da ta kai shekarun da ta kai. Canjinsu yana da ƙa'ida. Awon ajiyar ya zo ɗaya da na tsohon, bolt ya kai ko ya fi, a nemi masu jure digiri 105, a kuma kula da zanen da ke gefe, don in aka juya ƙafafun fashewa zai yi. Wannan aikin gwani ne, domin farantin hawa-hawa ne a ciki, yana shanye zafin ƙarfen dalma, wanda ya matsa da ƙarfi kuma sai ya tsinke hanyar da ido ba ya gani. Na kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo a bakin kasuwa. Ya juya farantin, ya shinshina.

"Baba, za a samu?"

"Sababbi dai babu sai an buɗe boda. Amma in aiki kake so, akwai."

Ya jawo kwali cike da farantan matattun dikoda da talabijin, ya riƙa cirowa yana aunawa yana zaɓe, yana watsar da mafi yawa. Da ya gama, kwandansoshin da ke kan kartamer ɗin launi uku ne, tsawo daban-daban, ɗaya ma a kwance ya ɗaure shi don gurbin ya yi masa kaɗan. Ba su da kyan gani ko kaɗan. Na jona, na danna, ta yi ƙara ɗaya gajera, rubutu ya fito.

Sauran ƙananan aiki ne. Ɗan batirin CR2032 da ke riƙe agogo da saiti ya mutu tuntuni, mai sayar da agogo ya ba ni sabo. Fanka ta sha ɗigon man keken ɗinki. Man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ya bushe ya zama gari, na goge na shafa sabo daga wurin masu gyaran waya. Haƙoran ram na goge su da magogin fensir.

Sai batun ƙari, inda mai wannan sha'awa ke gwada hankalinsa. Ram na kai shi mega 512 da sanduna biyu na PC133, ɗaya daga Tawa, ɗaya daga Madawa, kuma nan ce iyakarta, domin Intel 815 da ke kan farantin ba ya ganin fiye da haka ko an cika ramuka. Rumbun ajiya ya fi cin tunani. Na asali yana juyawa, amma da wata ƙara mai nuna kwanansa sun kusa, don haka kafin komai na jona shi a wata kwamfutar na kwafe shi kaf. Da aka buɗe iyaka aka kawo mini daga titin Beirut na Kano wani ɗan faranti mai karɓar katin CompactFlash, irin na tsofaffin kyamarori. Katin da igiyar IDE mai ƙafa 40 tsarinsu ɗaya, sai kwamfutar ta ɗauka rumbu ne. Babu abin da ke juyawa, ba zafi, ba tsoron girgiza, ga saurin tashi. Ƙurƙurar nan da muke ji mu ce tana tunani ce kawai na rasa, kuma na yi kewarta fiye da yadda na zata. Ekiran mai ƙeya ban nemo ba. Yana cin wutar da batirina ba zai ɗauka ba, kuma cikinsa akwai wutar da ta haura bolt 20,000, wadda ke iya saura ko bayan an zare filogi. Na jona siriri na zamani ta mahaɗar VGA, shuɗiyar nan mai ƙafa 15. Intanet kuwa na haramta mata: Microsoft ta daina kula da Windows XP da ke kanta tun Afrilun 2014, kuma manhajojin bincike na lokacin ba sa iya buɗe yawancin shafukan yau.

Akwai masu irin wannan sha'awa a Turai da Amurka, ina kallon aikinsu a YouTube, kuma na ƙaru da su ƙwarai. Amma burinmu ba ɗaya ba ne. Su so suke na'ura ta koma yadda ta fito daga masana'anta: a shafa wa robar da ta yi rawaya sinadari a shanya a rana ta yi fari, a nemo kilabiye da linzami masu tambari ɗaya da akwati, a samo har kwalin. Suna da gaskiyarsu, don a can haka suka san ta. Wani ƙanena mai gyaran waya, da ya ga kwandansoshi kala-kala da baƙin ekiran a kan farin akwati, ya ce, "Yaya, ai wannan ba gyara ba ne, kwashe-kwashe ne." Na ce ya faɗa mini ranar da wannan kwamfuta ta taɓa zama ƴar gida ɗaya a Ƙonni. Ranar da ta fara aiki a shagon Kawu akwatinta ɗan Sakkwato ne, ekiran ɗan Yamai, Windows na Faransanci, kilabiye na Ingilishi, filogi yankakke. Rigar da aka saya da faci, in ka ce sai ka cire facin ka mayar da ita ta asali, tsumma za ka riƙe. Saboda haka ban taɓa rawayar robar ba, ban ƙarasa kankare tambarin bankin ba, kuma da na samu lafiyayyen kilabiyen AZERTY a Tawa, gefe na ajiye shi na nemo QWERTY. Yatsuna sun fi gane hanya in maɓallan suna ƙarya.

Abin da ke cikin rumbun ne ya fi tsayar da ni. Ba wanda ya taɓa share shi, ƙari kawai aka yi ta yi, har da ƙwayoyin cutar da filashi ya yi ta yawo da su a shekarun nan, waɗanda sai da na tsefe su ɗaya-ɗaya. A ƙarƙashin waƙoƙin Malbaza da jarrabawoyin Illela, fayilolin Ƙonni suna nan a jakar da ni na raɗa mata suna. Takardun neman aiki na mutanen da yanzu su ne masu ofis. Katunan aure, wani ya ɗore, wani ya mutu. Wasiƙun roƙon a ɗaga bashi. Takardar rabon gado. Jerin sunayen 2005, gari-gari, da yawan bakin kowane gida. Babu wanda ya ba mu waɗannan ajiya. An biya kuɗin shafi, an karɓi takarda, an tafi, ba wanda ya yi zaton wani kwafi ya rage a baya. Na kai maganar gaban Kawu.

"Amana ta," in ji shi. "Wanda ka sani, ka kai mishi abu nai. Wanda ba ka sani ba, ba ka da hurumin karantawa."

Haka na yi. Tsohon rumbun da kwafinsa suna kulle a akwati, sabon katin bai ɗauki fayil ko ɗaya na mutane ba. Waɗanda na iya ganowa na buga musu nasu. Wata baiwar Allah ta karɓi katin aurenta da kurciyoyinsa biyu ta yi ta dariya tana kiran ƴaƴanta su zo su gani. Wani kuwa ya ce in goge nasa a gabansa, na goge, bai ce don me ba, ni ma ban tambaya ba.

Yanzu tana zaure a kan tebur, kuma ba ni ne mai yawan amfani da ita ba. Yaran gida da na maƙwabta ne ke rububin linzami mai ƙwallo, suna mamakin abin da sai an buɗe cikinsa an kankare datti kafin ya miƙe. Na mayar mata da Encarta ta Faransanci, bugun 2004. A cikinta Tandja Mamadou ne shugaban ƙasa, Obasanjo na mulkin Najeriya, Sudan kuma ƙasa ɗaya ce, don sai 2011 ta rabu, shekarar da ita ma Malbaza ta fita daga ƙarƙashin Ƙonni ta zama gunduma mai kanta. Ɗiyar ƙanwata ta ci karo da wannan tana shirya darasin labarin ƙasa, ta zo ta same ni da ƙara.

"Kawu, kwamfutar nan ƙarya take yi."

Na ce ta ɗauki littafinta ta jera duk abin da ya sauya tun daga wancan bugu. Ta ari wayar mahaifiyarta don tantancewa, ta cika shafi biyu da Afirka kaɗai, ta ce gobe Asiya za ta shiga in rana ta cika batir.